Mako Guda a Siton Ƙarya na Maraɗi

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. In na zauna a majalisarmu ta bakin masallacin Kwaciri, sai "Sule, yaya Nijar?" In na shiga Sabon Gari, tsofaffin abokan aiki su tare ni da tambaya iri ɗaya. Na faɗa har bakina ya gaji, kuma kowa ya ji sai ya ƙara nasa, har jiya wani ya ce mini wai an ɗaure ni a boda kwana uku. Don haka na sayi littafin rubutu, zan rubuta sau ɗaya, wanda yake so ya karanta. Aji huɗu na yi a firamare, sauran karatuna a sito na koye shi. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Shekara ashirin da uku ina kula da siton Oga Nnadi a Sabon Gari: shinkafa, sukari, sabulu, man girki. Ko ƙulli ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba. Da ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da wurin suka koma garinsu, wanda ya saya kuma ya kawo ƙaninsa ya ba shi makullai. Shekara biyu ke nan ina zaune. Na gwada dako a tashar jirgin ƙasa, bayana ya ƙi. Abinci dai Allah bai hana mu ba, uwargida tana sayar da ƙosai. Abin da na rasa shi ne wurin da zan nufa da safe, na buɗe, na san komai na ciki a wuyana yake.

Malam Kabiru maƙwabcina ne, yana koyar da ɗaliban akanta aikin odita, wato binciken kuɗi da kayan ma'aikata. Ran nan ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Baba Sule, za ka raka ni Maraɗi?"

Na ce, "Me na ajiye a can?"

Ya ce yaran da suke koyarwa suna cin jarrabawa, amma ba wanda ya taɓa shiga sito. Abin da takarda ta faɗa shi ne gaskiya a wurinsu. Shi ya sa ya ƙirƙiri kamfanin ƙarya, da rasitai da littattafai da hatimi, ya ɓoɓɓoye kurakurai a ciki, ɗalibai su bincika kamar da gaske. Abokinsa Malam Isufu, da ke koyarwa a wata makarantar kasuwanci a Maraɗi, ya gayyace shi su gwada a can. Tun da soja suka koma bariki, nan da can, kowa maganar bincike yake yi, odita ya yi daraja.

"To ni ina nawa a ciki?"

"Kamfanin yana da sito. Sito kuma sai da mai kula da shi. In shugaban makarantar ya ga abin ya yi, za a riƙa maimaitawa, kuma kai za a riƙa kira."

Ban ji sauran bayaninsa sosai ba. Kalmar sito kawai na ji.

Ranar Asabar muka shiga Fijo a Ƙofar Ruwa, mu tara har direba, Malam ya rungume kwalin takardunsa a cinya ya ƙi yarda a sa a but. Kusa da ni wani tsoho ne mai sayar da goro, tun daga Bichi yake rantsuwa cewa farar hula ba za su kai shekara ba. Wata Hajiya mai kai bokitan roba Jibiya ta ce masa, "Baba, kai ka kai shekarar tukuna." Daga nan bai ƙara magana ba sai da taya ta fashe bayan Kankiya, ya ce ai ya faɗa. Ba wanda ya san me ya faɗa. Direba ba shi da jak, muka tsaya sai da wata mota ta ara mana. A Katsina muka yi azahar, muka ci shinkafa da wake, muka canza mota.

A boda ne abin da ake ta ƙara wa gishiri ya faru. Wani jami'in kwastan ya ce a buɗe kwalin. Ya ga damin rasitai, ya ga hatimi biyu, ya ga littafin cek da Malam ya buga a wurin masu buga katin biki. Ya ce, "Wannan kamfanin a ina yake?"

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, babu shi."

Mutumin ya ɗago kai a hankali. Ya dube ni ya ce, "Kai fa?"

Na ce, "Ni ne mai kula da siton."

"Ina siton?"

"Ban gan shi ba tukuna."

Aka sa mu a benci. Motarmu ta sauke jakunkunanmu ta tafi. Awa biyu Malam yana bayani, gumi har cikin kwalarsa, sai da babbansu ya dawo daga salla ya karanta wasiƙar gayyata da makarantar ta aiko wa Malam. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya ga masu takardun jabu da yawa a wurin nan, amma bai taɓa ganin wanda ya amsa da bakinsa tun tambayar farko ba. Ya sallame mu. A ɓangaren Nijar kuma jandarma ya karɓi katin zaɓena, don shi kaɗai ne takardar da ke da sunana, ya jujjuya shi ya ce da Hausa, "Ka jefa ƙuri'ar kuwa?" Na ce na jefa. Ya ce, "Mu ma mun jefa. Wuce, Allah ya sa a dace."

Da la'asar sakaliya muka shiga Maraɗi a bayan wata a-kori-kura. Malam Isufu ya tare mu, dogo ne siriri mai sanyin magana, ya sauke mu a wani ɗaki a bayan makarantar, katifa biyu da gidan sauro da randa. Hausarsu Hausa ce, sai dai suna cusa Faransanci kamar yadda yaranmu ke cusa Turanci. Acaɓa a wurinsu kabu-kabu ne. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa ya kusa tafiya da haƙorina na gaba, sai da na koyi tsoma shi a shayi. Shayin kuma ba irin namu na babban kofi da madara ba ne, ɗan mitsitsin kofi ne, sau uku, na farko ɗaci kamar magani, kuma in ka tashi kafin na uku ka yi rashin kunya. Na ci cuku, na ci kilishin da ban taɓa cin irinsa ba. Abu biyu suka ba ni haushi. Da rana tsaka kowa yake rufe wurin aiki ya tafi ya kwanta sai wajen la'asar, abin da a Sabon Gari Oga Nnadi zai kore ka a kansa. Sannan mako guda na yi ban ga an ɗauke wuta ba, aka kuma ce mini daga wajenmu ake kawo musu ita.

Ranar Lahadi malaman biyu suka wuni da leburori suna shirya siton, ni suka ce na huta. Da yamma Malam Kabiru ya miƙo mini makulli ya ce, "Gobe ɗalibai za su zo da ƙarfe takwas. Kai dai ka tsaya ka amsa tambaya. Akwai sauran bayani, da safe zan yi maka."

Da na idar da sallar asuba na kasa komawa ɗaki. Na ce bari na leƙa kawai. Wani aji ne aka kwashe kujerunsa. Buhuna cike da ɓuntun shinkafa, an rubuta musu shinkafa. Kwalaye cike da yashi, an rubuta musu sabulu. Katin kaya a rataye jikin kowane jeri. Na san duk ƙarya ne, amma da na ji ƙarar kwaɗo ya buɗe a hannuna sai da na tsaya na ɗan jingina da ƙofa.

Sai na fara ganin ɓarna. Kati ya ce buhu sittin. Na dafa jerin, hannuna ya gaya mini cikinsa kogo ne. Na hau na duba, babu buhu takwas a tsakiya. Kwalayen da kati ya nuna sun fi daɗewa an tura su can baya. Wani katin an goge lamba an sake rubutawa. Ni a tunanina kurakuran Malam a cikin takardunsa suke, wannan kuwa sakacin leburori ne, kuma ba za a shigo siton da nake riƙe da makullinsa a same shi haka ba. Na zagaya baya na ga buhunan takwas a ƙarƙashin tamfol. Na ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, bayan da ya ƙi dako a Kano bai ce mini komai ba. Na sauke jerin na sake shi, na dawo da tsofaffin kwalaye gaba, na ƙirga komai na gyara katunan, na yi shara. Rabon da na ji daɗi irin na safiyar nan tun Oga yana da rai.

Malam Kabiru ya makara wurin ɗauko shugaban makarantar, sai ga su sun iso tare da ɗalibai wajen talatin. Bai samu damar yi mini bayanin ba. Yara suka shiga da takardu da biro, suka ƙirga, suka auna, suka duba kati. Komai daidai. Suka sake, daidai. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran yabo. Shugaban ya dubi agogonsa sau biyu, ya yi wa Malam Isufu magana da Faransanci, ya tafi. Fuskar Malam Kabiru kuwa kamar an aiko masa da rasuwa.

Da aka watse ya ja ni ɗaki ya ce, "Wa ya sa ka taɓa kayan nan?"

Na ce, "Sai an sa ni? Sito ne fa."

"Mu muka yi kogon! Da gangan! Baba Sule, kai ne ɓarawon. Kai ka sace buhu takwas ɗin, aikin yaran su kama ka."

Na ce, "Da ka gaya mini haka a Kano da ban zo ba."

Ya ce, "Shi ya sa ban gaya maka ba."

Na ce masa shekara ashirin da uku Inyamuri ya ba ni amanar dukiyarsa, bai taɓa bin bayana ya sake ƙirga ba, sai yau ɗan unguwarmu ya ɗauko ni ya tsallako da ni wata ƙasa don a kira ni ɓarawo a gaban yara. Ya ce shugaban ya ba su zuwa Laraba, in abin bai yi ba shi ke nan, daga shi har ni. Na ɗauki hulata na fita.

A gindin wata bishiya wurin mai shayi Malam Isufu ya same ni. Bai lallashe ni ba. Sai da aka zuba kofi na biyu ya ce mahaifinsa ma mai kula da sito ne, na ƙungiyar manoma a ƙauyensu. Wata shekara aka turo mai bincike daga birni, ya zauna a ofis ya karanta takardun da akawu ya ba shi, ko ƙofar siton bai taka ba, ya rubuta cewa tsohon ne ya ci kaya. Har ya rasu bai sake zama a sahun gaba a masallaci ba.

Ya ce, "Yaran nan da ka gani, shekara biyu masu zuwa su za a tura. In ba su taɓa ganin yadda ɓarawo yake yi ba, wanda aka nuna musu za su kama."

Na shanye na uku, na ce a nemo mini katako biyu da allurar buhu da zare da gam.

Gaskiya kogon da malaman suka yi aikin yara ne, makaho ma zai gane. Ni kuwa na kama leburori da direbobi ba iyaka, na san hanyoyinsu. Ranar Talata na wuni ina yin abin da na tsana. Na yi kogon, na gitta katako a kansa, na rufe da buhuna yadda ko ka hau ka taka ba zai lotsa ba. Na farke buhu shida na rage musu ciki na sake ɗinkewa. Na buɗe kwalaye ta ƙasa na kwashe rabi na liƙe, saman yana nan da hatiminsa. Hannuna ya iya, wannan ne ya fi damuna.

Laraba aka raba ɗaliban gida uku. Rukunin farko suka ƙirga tsawo da faɗi da bisa, suka buga lissafi, sittin cif, suka sa hannu. Na biyu na saya musu ruwan sanyi, na ba su labarin Kano, suka buɗe kwalin da na miƙa musu da kaina, suka yi godiya. Na uku wata yarinya ce ke jagorantarsu, Hadiza, 'yar ƙarama, muryarta da ƙyar ake ji. Ta zagaya jerin sau biyu ta ce, "Baba, muna so a sauke buhunan nan."

Na ce, "A sauke? Wa zai mayar?"

"Za mu taya ka."

Nan na ɗauko makamin da ya fi katako da gam, wanda na sha ganin manya suna yi wa yara masu bincike a Kano. Na ɗaure fuska na ce, "'Yata, ni sa'an ubanki ne. Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki. Ƙarya kike nufin ina yi? Haka aka koya miki a gidanku?"

Samarin da ke bayanta suka fara ja da baya, ɗaya ya ce mata a bar shi kawai. Ta dubi Malam Isufu, shi kuma ya ɗaga kai yana kallon rufi. A raina ina cewa, kar ki bari, yarinya, kar ki bari. A fuska kuwa harara nake yi.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Ban ce kana ƙarya ba. Amma ba zan sa hannu ba sai an sauke."

Aka sauke. Da katakon ya bayyana yaran suka sa ihu, shugaban makarantar da kansa ya matso ya leƙa ramin. Daga nan ba su ƙara yarda da komai ba, suka kawo sikeli, suka juya kwalaye, har zaren ɗinkina suka gane ya bambanta.

Alhamis aka taru a babban aji, Hadiza ta karanta rahotonsu da Faransanci, Malam Isufu yana fassara mini a kunne. Ƙarshensa ya ce mai kula da sito ba abin amincewa ba ne, a karɓe makullai daga hannunsa. Aka yi ta tafi. Na san wasa ne, ni na ɗinke buhunan da hannuna, amma duk da haka sai da maganar ta soke ni. Bayan an tashi ta zo ta durƙusa ta ce na yafe mata. Na ce, "Tashi. In kin fara aiki, kar ki ƙara ba ɓarawo haƙuri. Ki gaishe shi dai, sannan ki ce a sauke."

Juma'a da safe shugaban ya kira mu ofis. Ya ce abin ya yi, za a riƙa yi sau uku a shekara, mako guda-guda, kuma wannan tsohon yake so, ba wani ba. Malam Kabiru ya fara cewa sai ya tambaye ni tukuna, don ya san raina bai so ba. Ban bari ya ƙarasa ba na ce na yarda. Sharaɗi ɗaya na kafa: in yara sun gama kama ni, a bar ni na mayar da komai daidai kafin na rufe. Ranar ma sai da mota ta jira ni kusan awa guda, direba yana ta hon, Malam yana cewa, "Baba Sule, ɓuntu ne fa da yashi!" Na ce na sani.

Dawowa ba wani labari. Jami'in da ya tsare mu ya gane mu, ya ɗaga hannu ya ce, "Masu kamfani, an ga siton?" Na ce an gani. Muka iso Kano bayan magariba, babu wuta a unguwa.

To kun ji. Ba a ɗaure ni ba, ban kuma samo arziki ba. Aikin mako uku ne a shekara, a siton da ba abin da za a ci a cikinsa, kuma ni ne ɓarawon. Masu ce mini ɓarawon Maraɗi a majalisa ku ci gaba, ba zan yi fushi ba. Malam Isufu ya ce zagaye na gaba sai bayan kaka, in ɗalibai sun dawo hutu. Ni ba manomi ba ne, ban taɓa damuwa da abin da gona take ciki ba. Yanzu kuwa duk wanda na ga ya shigo daga ƙauye sai na tare shi, na tambaye shi ko gero ya fara fitar da kai.